Barcin Tiyatar Zuciya: Jagora ga Majinyaci da Mai Jinyarsa

Idan likita ya ce za a buɗe wa mutum ƙirji a gyara zuciya, abin da dangi ke fara tambaya shi ne wa zai riƙe wuƙa. Da wuya ka ji an tambayi wanda zai sa shi barci. A wajen yawancinmu allurar barci aikin minti ɗaya ce: a soka, ka yi shiru, a gama, a tashe ka. A tiyatar zuciya da manyan jijiyoyin jini abin ya wuce nan. Likitan barci ne ke riƙe da numfashinka da ƙarfin jininka da ɗumin jikinka tun kafin wuƙa ta taɓa fata har bayan an ɗinke da kwana ɗaya ko biyu, kuma wani babban ɓangare na aikinsa ba ya yiwuwa sai da hannunka da na mai jinyarka.

A ƙasar Hausa da yawan waɗanda ake rubuta wa wannan aiki ba dattawa ba ne masu toshewar jijiya irin na Turai. Samari ne da 'yan mata da matan aure waɗanda ciwon maƙogwaro na ƙuruciya, da ba a yi masa magani ba, ya zagayo ya cinye musu bawul ɗin zuciya, sai kuma yaran da aka haifa da huda a bangonta. Tun 1974 aka fara buɗe zuciya a Najeriya, a asibitin koyarwa na Enugu, inda Magdi Yacoub ya zo daga Landan ya yi aikin tare da Fabian Udekwu da abokan aikinsa. Yau wasu a gida ake yi musu, wasu su nufi Indiya ko Masar, wasu kuma kafin yaƙi ya dagula Sudan sun sha zuwa cibiyar Salam ta Khartoum, wadda ƙungiyar Emergency ta Italiya ta buɗe a 2007 tana aiki kyauta. Ko ina ka je, tsarin kusan ɗaya ne.

Zama da likitan barci

Kwanaki ko makonni kafin aikin za a haɗa ku. Zai sa ka wangale baki, ka zaro harshe, ka ɗaga kai ka sunkuyar, don ya gane ko bututun numfashi zai shige ba gardama. Zai duba haƙora ɗaya bayan ɗaya. Haƙori mai kogo ko dasashi mai mugunya ba ƙaramin abu ba ne ga wanda za a sa wa sabon bawul, domin ƙwayoyin cutar baki kan bi jini su je su tare a kansa. Shi ya sa ake fara tura mutum wajen likitan haƙori.

Daga nan sai tambayoyi, kuma a nan ne mutanenmu suka fi cutar kansu, wani don kunya, wani don gudun faɗan likita. Ka tattara duk abin da kake sha a leda ka zo da shi, har kwalayen da suka ƙare. Ka haɗa da jiƙo da sassaƙe da tsimi da garin da wani ya ƙulla maka a kasuwa, da tafarnuwar da kake haɗiya don hawan jini. Tafarnuwa da citta idan suka yi yawa suna iya rage wa jini saurin daskarewa. Sassaƙen da ba a san abin da ke cikinsa ba kuwa ƙoda da hanta yake fara taɓawa, su ne kuma za su fitar da magungunan barcin daga jiki. Galibi akan ce a ajiye su mako biyu kafin aiki. Mai shan tiramol ko kodin ko giya ya faɗa, ko da sai ya roƙi mahaifinsa ya ɗan ba su wuri. Jikin da ya saba da tiramol ba ya jin awon maganin ciwo irin na kowa, wanda aka yanke wa giya farat ɗaya kuma yana iya rikicewa ko ya yi jijjiga a kwana na biyu ko na uku, daidai lokacin da zuciyar ke neman hutu. Taba da shisha a bar su mako huɗu aƙalla.

Magungunan asibiti kowanne da hukuncinsa, kuma likita ne zai yanke, ba kai ba. Warfarin da clopidogrel akan tsayar da su kwana 5 kafin aiki, ticagrelor kwana 3. Aspirin sau da yawa ana ci gaba da shi ga mai toshewar jijiyar zuciya. Lisinopril da losartan da danginsu akan tsallake su na awa 24, don idan suka gamu da maganin barci ƙarfin jini kan faɗi warwas. Sababbin magungunan suga irin su empagliflozin a dakatar da su kwana 3. Masu rage gudun zuciya kuwa, irin su bisoprolol da atenolol, wanda ya daɗe yana sha ya sha har safiyar aikin. Wanda bai taɓa sha ba kada wani ya ba shi ranar don neman alheri. An gwada hakan a binciken POISE na 2008, a kan mutum 8,351 da aka yi wa tiyatar da ba ta zuciya ba. Waɗanda aka fara ba metoprolol mai yawa dab da aiki, ciwon toshewar zuciya ya ragu a cikinsu, amma shanyewar ɓarin jiki da mutuwa suka ƙaru.

Abu biyu sun fi shafar mu. Na farko sikila. Sanyi da ƙarancin iskar oksijin su ke lanƙwasa ƙwayar jinin mai SS, ga shi kuwa a ɗakin tiyatar zuciya da gangan ake sanyaya mutum. Idan an sani tun da wuri, ana iya canja masa jini kafin aiki a kuma hana jikinsa yin sanyi. Mai AS haɗarinsa bai kai haka ba, amma shi ma ya faɗa. Na biyu, heparin, maganin tsinka jinin da aikin ba ya yiwuwa sai da shi, mafi yawansa daga hanjin alade ake tace shi, kuma bawul ɗin nama ana yin sa daga alade ko daga saniya. Malamai da dama sun sa wannan a babin larura. Wanda ransa bai kwanta ba ya tambayi malaminsa da likitansa tun ana sauran makonni, kada ya bari sai yana kan gadon turawa.

Jini

Wanda zuciya ta daɗe tana wahalar da shi sau da yawa jininsa ya yi ƙasa. Gyara wannan kafin aiki, da maganin ƙarfe na haɗiya ko na jijiya, ya fi ƙarin jini bayan aiki sauƙi da aminci. Duk da haka za a ce ku kawo masu ba da jini, kuma gara a kammala wannan tun kafin ranar, kada a bari sai ana cikin ɗaki a fara buga waya.

Akwai wata rigima da ake yawan yi a bakin sashen kulawa ta musamman. Dangi sun ba da leda huɗu, sun ga majinyaci ya yi fari fat, sun ji an ce jininsa ya sauka, amma an ƙi ƙara masa. Ba rowa ba ce. A 2017 aka wallafa binciken TRICS-III, wanda David Mazer na Kanada ya jagoranta a kan mutum fiye da 5,000 da aka yi wa tiyatar zuciya. Rabi ba a ƙara musu jini sai awon hamogulobin ya sauka ƙasa da giram 7.5, wato PCV wajen 22 ko 23. Rabi kuma tun daga 9.5 ake ƙara musu a ɗakin tiyata da sashen kulawa ta musamman. Waɗanda aka ja wa hannu ba su fi sauran mutuwa ko shanyewar jiki ko lalacewar ƙoda ba. Jinin wani magani ne mai nasa haɗarin, ga huhu, ga ƙoda, ga kamuwa da cuta, don haka sai da dalili.

Daren aiki da safiyarsa

Abinci ya tsaya awa 6 kafin aiki. Ruwa garau, wanda ba madara ba gari a ciki, ana iya sha har saura awa 2. Koko da kunu da fura abinci ne, ba ruwa ba. Ƙa'idojin gaggauta farfaɗowa bayan tiyatar zuciya da aka fitar a 2019 har sun yarda a ba wasu wani ruwa mai ɗan zaƙi a wannan lokaci, domin tsohuwar al'adar kwana da ƙishirwa ba ta da amfani. Amma ka bi lokacin da asibitinka ya rubuta maka.

Za a ba ka sabulun kashe ƙwayoyin cuta ka yi wanka. Kada ka aske ƙirji da reza, don ƙananan yankan da ido ba ya gani mafakar cuta ne. Su za su rage gashin da injin aski. Cire zobe da haƙoran roba da laya da kambu, domin wuƙar lantarkin da ake tsayar da jini da ita tana iya ƙona fata inda ƙarfe ya taɓa. Mata su bar farce ɗaya ko biyu ba jan farce ba baƙin lalle, saboda ɗan maƙalen da ke auna oksijin ta farce yake haskawa.

Cikin ɗakin

Ɗakin da sanyi, da haske, da mutane fiye da yadda ka zata. Kafin barci akan kashe fatar wuyan hannu a zura ɗan siririn bututu a jijiyar da ke harbawa, don a riƙa ganin ƙarfin jini bugu bayan bugu. Sai a ɗora maka abin shaƙar oksijin, a fara tura magani a hankali ƙwarai. Wannan jan ƙafa da dalili. Ɗauki mai ƙuntataccen bawul na hagu, irin wanda ciwon maƙogwaro ke jawowa: jini ta 'yar ƙofa yake ratsawa, yana buƙatar lokaci, da zarar zuciya ta ɗauki gudu sai ya taru a huhu, ƙarfin jini ya faɗi. Mintunan nan goma na farko suna cikin mafi wuya a aikin likitan barci, kai kuwa ba abin da za ka tuna.

Bayan ka yi nisa za a sa bututun numfashi, da babbar hanyar magani a jijiyar wuya, da robar fitsari, da wata na'ura mai ɗaukar hoton zuciya da ake zurawa ta hanyar abinci har ta tsaya a bayan zuciya. A goshi a manna abin da ke nuna zurfin barci, a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin awa ɗaya kafin yanka.

Salon barcin kansa ya sauya. A 1969 Edward Lowenstein na Boston ya nuna cewa zuciya mai rauni tana jure mofin mai yawa, daga baya fentanil ya maye gurbinsa, sai ya zama mutum ya kwana a injin numfashi har gari ya waye. Daga shekarun 1990 aka koma ba da kaɗan-kaɗan na magunguna masu saurin fita, har burin yau ya zama a cire bututu cikin awa 6. An kuma daɗe ana musu kan maganin shaƙa da na jijiya, wanne ya fi kare zuciya. Binciken MYRIAD na 2019, a kan mutum 5,400, bai ga bambanci a yawan mutuwa bayan shekara ba. Ni a ganina majinyaci kada ya ɓata zamansa da likita wajen tambayar sunan magani. Ya tambayi wa zai kwana a kansa daren farko, nas nawa ga majinyaci nawa.

Injin zuciya da huhu shi ne ginshiƙin aikin. John Gibbon ne ya fara cin nasara da shi a Filadelfiya ranar 6 ga Mayu 1953, ya toshe huda a zuciyar wata budurwa 'yar shekara 18. Jini idan ya taɓa roba daskarewa yake yi, don haka kafin a jona ka likitan barci zai ba da heparin, awo 300 zuwa 400 ga kowane kilo na nauyinka. Bayan 'yan mintuna ya ɗebi jini kaɗan ya ɗiga a wata ƙaramar na'ura mai ƙirga daƙiƙu. Jinin lafiyayye kan daskare a wajen daƙiƙa 120. Sai lambar ta haura 400, a wurare da yawa 480, sannan zai ɗaga murya ya sanar, mai injin ya amsa, a fara. Likitan fiɗa ya matse babbar jijiya da maƙata, a tura ruwa mai yawan sinadarin fotasiyam cikin jijiyoyin zuciyar. Kana kallo za ta yi laushi ta tsaya, layin da ke tsalle a allo ya miƙe, a kashe injin numfashi. Akan sauke ɗumin jiki zuwa digiri 32 ko 34, a wasu ayyukan babbar jijiya har 18 ko 20. Maganin barci bai tsaya ba, ta cikin injin yake shiga.

Saukowa daga injin ta fi hawa wuya. A ɗumama jiki, a hura huhu, a bi hoton na'urar da ke bayan zuciya ana neman ƙwayoyin iska da suka maƙale, waɗanda ke ƙyalli a allo, a fitar da su kada su haura ƙwaƙwalwa. Da an cire maƙatar jini mai ɗumi ya ratsa, sau da yawa zuciya da kanta take motsawa, wani lokaci sai an ɗan taɓa ta da lantarki. Daga nan mai injin ya riƙa mayar mata da aikinta, yadda ake ɗora wa jakin da ya tashi daga ciwo kaya, kaɗan-kaɗan ana duban ƙafafunsa. Idan ta ɗauka, sai a karya heparin da protamine, wanda asalinsa daga maniyyin kifin salmon ne. A hankali ake tura shi don yana iya kayar da ƙarfin jini, kuma wanda kifi ke tayar wa da borin jini, ko mai yin allurar insulin irin mai gajimare, ya kamata ya faɗa tun a zaman farko. Ana kuma ba da tranexamic acid don rage zubar jini. Binciken ATACAS, a kan mutum fiye da 4,600, ya nuna ya rage komawa ɗakin tiyata da kusan rabi, amma jijjiga ta ɗan ƙaru, abin da ya sa yau da yawa suka rage awonsa.

Farkawa

Mai jinya ya shirya zuciyarsa kafin ya shiga. Zai tarar da fuska a kumbure, hannu da sanyi, bututu a baki, wasu robobi biyu ko uku sun fito ta ƙasan ƙirji jini na bi ta ciki. Duk haka ake. Mai yiwuwa yana jin ka ko da bai iya magana, don haka ka faɗi sunanka, ka ce an gama lafiya, ka bar kuka sai a waje.

Da an cire bututu aiki ya dawo hannun majinyaci. Huhun da aka kashe na awa ɗaya ko biyu ƙasansa a manne yake, kaki kuma ya taru. Ka rungume filo a ƙirji da hannu biyu, ka ja numfashi har ƙasa, ka yi tari. Za a ba ka wata roba mai 'yan ƙwallaye uku, ka riƙa zuƙa kana ɗaga su kowace awa idan kana farke. Washegari za a zaunar da kai a kujera, jibi a sa ka taka. Dauriya ba ta da wuri a nan: wanda ya ɓoye ciwo ba zai yi tari ba, wanda bai yi tari ba nimoniya na jiransa. Ka nemi magani. Amma kada wani ya sayo diclofenac ko ibuprofen daga kemis, don ƙodar wanda ya sauko daga injin zuciya da huhu ba ta jure su.

Kwanakin nan ba na sakin jiki ba ne. Wani babban bincike da Bruce Biccard na Afirka ta Kudu ya jagoranta a ƙasashen Afirka 25, aka wallafa a 2018, ya duba tiyata iri-iri ya gano cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na mace-macen ba ranar aiki suka faru ba, sai a kwanakin da suka biyo baya. Idon mai jinya na da amfani ƙwarai. Kusan mutum ɗaya cikin uku zuciyarsa kan rikice da bugu barkatai a kwana na biyu ko na uku. Ana maganinsa, amma a faɗa da wuri. Dattijo kuma yana iya ruɗewa, ya kasa gane 'ya'yansa, ya riƙa ganin mutane a bango, ya fizge robobi, ko ya yi shiru fiye da ƙima. Kafin a ce iska ce a kira nas, domin ƙarancin oksijin ko cuta ko magani na jawo haka. A mayar masa da tabaraunsa, a buɗe labule da rana, a bar fuskar da ya sani kusa da shi. Suga kan hau ko ga wanda ba shi da ciwon, ana so ya zauna ƙasa da 10, wato 180 a ɗaya ma'aunin, don haka ganin insulin ba abin tsoro ba ne, zuma da lemon kwalba kuma sai an tambaya. 'Yan dubiya a taƙaita su, mai mura ya yi gaisuwarsa ta waya.

Idan aikin na jijiya ne

Wanda jijiyar ƙafarsa ko ta wuyansa ta toshe, ko babbar jijiyar cikinsa ta kumbura, yawanci jijiyoyin zuciyarsa ma ba lafiya, kuma daga nan haɗari ya fi zuwa. Hankali zai ce a fara gyara na zuciyar, amma binciken CARP na 2004, a kan mutum 510 masu ciwon da ya lafa, bai ga hakan ya ƙara tsawon rai ba. Aikin jijiyar wuya ana iya yin sa mutum na farke, an kashe wurin kawai, a ba shi 'yar roba mai ƙara ya riƙa matsawa da hannun ɗaya ɓangaren, don a san jini na isa ƙwaƙwalwa. Binciken GALA na 2008, mai mutum 3,526, bai fifita wannan a kan cikakken barci ba. Bayan aiki toshewar zuciya kan zo ba ciwon ƙirji, shi ya sa ake ɗibar jini kwana biyu ko uku a jere. Ƙafar da ta yi sanyi, ta canja launi ko ta mutu, a sanar nan take, ko da tsakar dare ne.

Kafin a sallame ku

Ƙashin ƙirji da waya aka ɗaure shi, yana ɗaukar mako 6 zuwa 8 kafin ya kama. A wannan tsakani ba ɗaukar abin da ya wuce kilo 5, ba jan guga, ba daka, ba goyo, ba tuƙa babur. Salla a zaune har likita ya yarda da sujada, don dafa ƙasa da hannu wajen tashi yana ja wa ƙashin. Wanda aka sa wa bawul na ƙarfe zai sha warfarin har ƙarshen rayuwa, ya san tun kafin ya bar asibiti inda zai riƙa gwajin INR, mai auna tsinkewar jini, a garinsu da lambar da ake so ya tsaya a kai. Mace kuma ta yi maganar haihuwa da likita kafin ciki ya shiga. Ku roƙi rahoton aikin da na barcin a rubuce, musamman idan an sha wuya wajen sa bututu ko wani magani ya tayar da jiki, ku ɗauki hotonsa a waya, ku nuna wa duk wanda zai sake sa shi barci, ko da cire haƙori ne.